Kasafin Kuɗi a Kan Allon Aji

 

A ranar 28 ga Fabrairun 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan kasafin kuɗin tarayya na naira tiriliyan 54.99. An karanta a labarai, an maimaita da safe, an sake da dare, kowa ya ji. To amma tsakani da Allah, mutum nawa ne cikinmu wannan adadi ya zauna masa a kai? Kunne yana jin miliyan da biliyan da tiriliyan kusan da amo ɗaya, sai mutum ya zaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Ga ma'auni. In ka zauna kana ƙirga naira ɗaya kowane sakan, ba barci ba hutu, za ka kai miliyan ɗaya kafin kwana 12 su cika. Biliyan ɗaya zai ci maka kusan shekara 32. Tiriliyan ɗaya kuwa, sai ka shekara 31,700 kana ƙirga. Irin wannan tiriliyan ɗin ne aka ce guda 55 ba kaɗan.

Abin da kunne ya kasa riƙewa, ido yana iya kamawa cikin ƙiftawa. Shi ya sa yau nake so mu yi magana a kan wani ɗan aiki da malamin darasin zamantakewa zai iya yi da 'yan ƙaramar sakandare: ya kawo musu ainihin alƙaluman kasafin kuɗi, na tarayya ko na jiharsu ko na ƙaramar hukumarsu, ya ba su fensir da rula da takardar giraf, su zana da hannunsu inda kuɗin ya nufa.

Ku lura da abin da ke faruwa a makarantunmu yanzu. Malamin lissafi yana koya wa yara zanen sanduna da zanen da'ira, amma da me? Da yawan mangwaron da wani yaro da babu shi a duniya ya tsinko, ko launin da 'yan aji suka fi so. A aji na gaba, malamin zamantakewa yana karanta musu matakan gwamnati uku, da ma'anar haraji, da haƙƙin ɗan ƙasa, ba tare da ko lamba ɗaya ba. Ɗaya yana da kayan aiki ba aikin yi, ɗayan yana da aikin ba kayan. Yaro ya haddace duka biyun, ya ci jarrabawa, ya fito bai taɓa sanin cewa rular nan da ke jakarsa tana iya auna gwamna ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafe mu a Arewa fiye da yadda muke zato. Kakanninmu sun san kuɗin hukuma nasu ne, domin daga aljihunsu ake karɓa, ido na ganin ido. Mai unguwa ya zo, dagaci ya zo, a biya haraji, Bafulatani ya biya jangali, a kai baitulmalin En'e. Tun kafin Turawa ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi kan ɗora wa talakawa kuɗaɗe irin su jangali. A 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talaka ya yi ajiyar zuciya, kuma ya cancanci ya yi. Sai dai daga nan kuɗin gwamnati ya koma wani abu da ke zuwa daga Legas, daga baya Abuja, kuɗin mai, wanda a ganin mutane ba guminsu a ciki. Har ya zama in an ce abu na gwamnati ne, ana nufin ba shi da mai shi. Alhali kuwa ba a daina karɓa a hannunmu ba, salon karɓar ne ya sauya. Tun Fabrairun 2020 harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin 100, kuma yana cikin katin wayar da ka saya da safen nan, yana cikin buhun siminti, yana cikin lemon kwalba. Yarinyar da ta sayi data ta naira 500 ta biya haraji, ba ta sani ba. Ya kamata ajinta ya sanar da ita.

Af, ga wani abu da zai ba malaman lissafi sha'awa. Shi kansa wannan zane, a kan dukiyar ƙasa aka haife shi. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fitar da littafi a 1786 ɗauke da zanen layi da na sanduna, yana nuna cinikin Ingila da ƙasashen waje da yadda bashin da ke kanta yake hauhawa. A 1801 ya ƙirƙiro zanen da'ira. Ke nan mai zana kasafin kuɗi a aji ya mayar da abin gidansu ne kawai.

Yaya za a fara a makarantar da ba kwamfuta, ba lantarki, wataƙila ma ba isassun kujeru? A fara da tsakuwa. Malam ya sa yara su tsinto tsakuwa 100, ya ce wannan shi ne kasafin 2025 gaba ɗaya. Sai ya rubuta kaso huɗu a allo. Ayyukan raya ƙasa, tiriliyan 23.96. Biyan bashi, tiriliyan 14.32. Albashi da hidimomin yau da kullum, tiriliyan 13.06. Sai kuɗin da doka ta ce a tura kai tsaye ga wasu hukumomi, irin su ɓangaren shari'a da majalisa da hukumar zaɓe, tiriliyan 3.65. Yara su yi lissafi su raba tsakuwar: kusan 44 ga ayyukan raya ƙasa, 26 ga bashi, 24 ga hidimomin yau da kullum, ragowar shida ga na ƙarshe. Kafin a zo kan takarda, sun riga sun ga tulin bashi ya fi tulin albashi da hidimomin ma'aikatun tarayya tsayi. Sannan a ɗauko kamfas, a zana da'ira, a yanka ta kamar kankana. Kason bashi zai ɗauki digiri 94 cikin 360, wato ya ɗara rubu'i.

Ba sai malam ya ce komai ba. Wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, Malam, wa ya ci bashin? Wata ta ce, me aka yi da shi? Wani ya ce, mu ma za mu biya? Daga nan darasin zamantakewa ya fara da gaske.

Mako na gaba sai a shiga ɓangarori. A daftarin da shugaban ƙasa ya kai majalisa a Disambar 2024, na tiriliyan 49.7, an ware wa tsaro tiriliyan 4.91, ilimi 3.52, lafiya 2.48, biyan bashi kuwa 15.81. Sanduna huɗu ke nan. In yara suka ɗora sandar ilimi a kan ta lafiya, za su ga ba su kai rabin ta bashi ba. Sai malam ya ja layi a kwance a daidai kashi 15 cikin 100, ya ce musu a Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun taru a nan Abuja sun yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla wannan kaso. Sandar lafiya tana wajen kashi 5. Yaro ya sa rula ya auna giɓin da kansa.

A nan ne kuma ake gane malamin ƙwarai, domin akwai tarko. Wannan kasafi na tarayya ne kaɗai. Firamare da yawancin sakandare da asibitocin sha-ka-tafi suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Wanda ya nuna wa yara sandar tarayya ya ce ga duk abin da Najeriya ke kashewa a kan ilimi, ya koya musu ƙarya da rula. Sai an kawo na jiha an jera. Misali, Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, kuma a daftarin kasafin 2025 na naira biliyan 549 da ya kai majalisar jihar, ilimi ya samu kashi 31 cikin 100. Wannan sanda ce doguwa, kuma adalci ne yara su gan ta da tsawonta. Ina kuma roƙon malamai su bar maimaita zancen nan na cewa UNESCO ta ce a ware kashi 26. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. In za mu koya wa yara bin diddigi, mu fara da lambobin da ke bakinmu.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, domin shi ne zuciyar maganar. Duk abin da na lissafa zuwa yanzu alƙawari ne. Kasafin kuɗi niyya ce da aka rubuta aka sa mata hannu. Tsakanin an ware da an saki akwai tafiya, tsakanin an saki da an yi aikin akwai wata tafiyar. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Saboda haka zanen da ya fi kowane amfani a ajin zamantakewa shi ne mai sanduna biyu kafaɗa da kafaɗa: ta hagu abin da majalisa ta amince, ta dama abin da aka kashe a zahiri. A yi wa albashi tasa biyun, a yi wa gine-ginen makarantu, a yi wa asibitoci, a yi wa ruwan sha. Abin da yara za su yawaita gani shi ne sandunan albashi suna tafiya kusan kai ɗaya, domin ma'aikaci in ba a biya shi ba zai yi yajin aiki. Sandunan ayyukan raya ƙasa kuwa, sau da yawa ta dama gajeruwa ce, domin rijiyar burtsatsen da ba a haƙa ba ba ta da ƙungiyar ƙwadago.

Ba zargi nake yi ba, abu ne da ke rubuce. Majalisar tarayya ta tsawaita wa'adin ayyukan raya ƙasa na kasafin 2024 zuwa ƙarshen Yunin 2025, sannan ta sake tsawaitawa zuwa ƙarshen Disamba, saboda ba a gama sakin kuɗin ba. Ke nan an yi watanni ana tafiyar da kasafi fiye da ɗaya a lokaci guda. Yaron da ya saba zana sanduna biyu, in ya ji wannan labari zai gane abin da ake nufi. Wanda bai saba ba, yana jin an ce an ware biliyan kaza don gyaran hanyar garinsu sai ya fara murna, bayan shekara biyu ya fara zagi, kuma a tsakani bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Wani zai ce ina malamin ƙauye zai samo waɗannan lambobi? Sun fi kusa da yadda ake zato. Tun da aka shigo da shirin Bankin Duniya na SFTAS a 2018, jihohi suka shiga wallafa kasafinsu da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku a shafukansu na intanet, domin da sharaɗin hakan aka riƙa ba su tallafi. Ofishin kasafin kuɗi na tarayya yana wallafa nasa. Ƙungiyar BudgIT, wadda Oluseun Onigbinde da abokinsa suka kafa a Legas a 2011, aikinta ke nan, sauƙaƙa waɗannan takardu. Wayar malam ɗaya ta isa. Ya kwafo lambobi takwas ko goma ya rubuta a allo. Shawarata dai, kada ya kawo musu zanen da wani ya riga ya yi, komai kyansa. Zanen da aka ba ka kallo kake yi. Wanda ka auna da hannunka, ka goge, ka sake, shi ne yake zama a kai.

In hali ya yi, akwai sanda ta uku, wadda ba a samun ta a takarda: abin da ido ya gani. In kasafi ya ce an gina ajujuwa shida a wata firamare da ke mazaɓar, aji ya taka da ƙafa, da izinin shugaban makaranta, ya ƙirga. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bayan gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara daga 2010, garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ya daɗe yana jiran kuɗin tsaftace ƙasarsa da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari. Matasa irin su Hamzat Lawal suka tasa maganar a gaba a 2012, suna tambaya ɗaya tak, ina kuɗin, har aka sake su a farkon 2013 aka yi aikin. Tambayar da suka yi ba ta fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba.

Sai kuma a koya musu cewa zane ma yana yin ƙarya, kuma ya fi baki iya ta, domin mutane sun yarda da shi. Ga gwaji. Kasafin 2016 na Shugaba Muhammadu Buhari tiriliyan 6.06 ne. Na 2023, tiriliyan 21.83. Na 2025, 54.99. In yara suka ja layi, zai miƙe sama kamar zai fasa takardar, ninki tara cikin shekara tara. Duk wanda ya gani zai ce ƙasa ta yi arziƙi. To sai malam ya ba su wasu lambobi biyu: an gina kasafin 2016 a kan naira 197 kowace dala, na 2025 a kan naira 1,500. Su raba. Na farko ya kama kusan dala biliyan 31, na biyu kusan biliyan 37. Layin da ya tashi sama ya kwanta kusan shimfiɗe, a ƙasar da jama'arta suka ƙaru da miliyoyi a wannan tsakanin. In dala ta yi musu nisa, a aike su gida su tambayi iyayensu mata nawa ake sayar da kwanon masara a wancan lokaci, nawa ne yau, su auna kasafin da kwano. Su kuma raba tiriliyan 55 ga mutum miliyan 220: kusan naira 250,000 ga kowa a shekara, wato ƙasa da naira 700 a rana, kuma a ciki za a biya bashi, a sayi makamai, a yi hanya. Wannan ma darasi ne, kuma ba daɗi gare shi ba ga masu ganin cewa kuɗi na nan jibge, sata ce kaɗai matsalar. Satar tana nan, ƙarancin ma yana nan.

Ɗaya dabarar ta masu talla ce da 'yan siyasa. A ce gwamnatin jiya ta kashe biliyan 90, ta yau biliyan 100. In ka fara ma'aunin daga sifili, sandunan kusan kai ɗaya ne. In ka fara daga 85, ta yau za ta ninka ta jiya sau uku. Ba a canza lamba ko ɗaya ba. A sa rabin aji su zana ta farko, rabi ta biyu, a manna su gefe da gefe. Yaron da ya taɓa yin wannan ha'inci da hannunsa, da wuya a sake yi masa shi a allon talla lokacin zaɓe.

Na san abin da wasu shugabannin makarantu ke cewa a ransu yanzu: wannan ai shigo da siyasa aji ne, kuma malamin gwamnati da ya nuna gajeruwar sandar gwamna zai tsinci kansa a wata makaranta can bakin iyaka. Tsoron ba na banza ba ne, an sha ganin canjin wurin aiki ya zama bulala. Amma akwai hanyar kariya, kuma ita ce ma hanyar koyarwa ta gaskiya. A yi amfani da takardun da gwamnati ta wallafa da kanta, a rubuta sunan takardar da shekararta a ƙasan kowane zane. A zana shekarun gwamnatoci daban-daban, na jam'iyyar da malam yake so da wadda ba ya so. Malam kuma ya riƙe hukuncinsa a cikinsa. Ranar da ya ce wa yara ku ga ɓarayi, ya tashi daga malami ya koma ɗan kamfen, kuma ya cuci darasin. Ga jami'an ma'aikatun ilimi kuwa, ranku ya daɗe, gwamnatin da ta ware wa ilimi kaso mai tsoka kuma ta sake shi, ba ta da mai yi mata shela da ya wuce yara dubu suna zana doguwar sandarta suna kai wa iyayensu gida.

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta malaman kansu. Da yawa cikin masu koyar da zamantakewa sun zaɓi fannin ne don gudun lissafi, ba ɓoyayyen abu ba ne. Maganinta a kusa yake: malamin lissafi da na zamantakewa su haɗa darasi biyu ko uku a zango, ɗaya ya riƙe rula, ɗaya ya riƙe tambaya. Kwalejojin ilimi kuma su sa wannan cikin horon ɗalibansu tun kafin su fita koyarwar gwaji.

In da ni ne zan zaɓi inda za a fara, ba daga Abuja zan fara ba. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Daga asusun tarayya, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Tun 2004, zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu duk wata, kuma har yau ofishin babban akanta na ƙasa da hukumar ƙididdiga suna fitarwa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Aji a Bichi ko Daura ko Gumel zai iya zana sanduna 12, wata-wata, na abin da aka rubuta da sunan ƙaramar hukumarsu a bara. Sandar hagu ke nan. Ta dama kuwa, wato abin da ya iso sakatariya da abin da aka yi da shi, ba kasafai ake samun ta a intanet ba, sai an tambaya. Ɗalibai su rubuta wasiƙa cikin ladabi zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, malam ya duba, shugaban makaranta ya sa hannu, su bar gurbin sandar a buɗe a jikin bangon aji da ranar da aka kai wasiƙar. Dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta ba da amsa.